Ilisha Direban Tarakta

Ilisha mutumin wani ƙauye ne bayan Kurmin Kogi. Tun yana saurayi ya koyi tuƙin tarakta a gonar mishan, da ya auri Judith kuma ya sami aiki a wata ƙaramar hukuma ta yankin. Aka damƙa masa taraktar da ake bai wa manoma haya. Shekara da shekaru yana yi wa mutane huɗa, ba wanda ya taɓa kai ƙararsa.

Lokacin da soja suka yarda a yi zaɓen ƙananan hukumomi, Alhaji Tukur ya zama ciyaman. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, taki ya gagari talaka, albashi ba ya kaiwa tsakiyar wata. Ciyaman bai daɗe da hawa ba ya maida taraktar gonarsa ta rake a fadama. Da rani ta ja masa tirela zuwa tasha, da damina ta yi masa huɗa, manoma kuwa suna zaune a gindin darbejiyar sakatariya suna jiran layi.

Injin taraktar ya fara hayaƙi. Ilisha ya shiga ofis ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, tana son mai da gyara. In aka ci gaba haka za ta buga."

Ciyaman ya daka masa tsawa a gaban ma'aikata: "Kai aka zaɓa ko ni? Fita."

An ware kuɗin gyaran kuwa. Kowa a sakatariya ya ga inda suka shiga: sabon kafet, na'urar sanyaya ɗaki, da tafiya Legas wani taro da ba wanda ya san sunansa.

Tsakiyar damina inji ya buga. Manoma suka kai kuka, gwamnan soja ya turo kwamitin bincike. Ranar ce ciyaman ya fara ba Ilisha kujera, har ya sa aka kawo masa lemo.

"Malam Ilisha, ka ce kai ka manta ba ka duba mai ba. Dakatarwa kawai za a yi maka. In ƙura ta lafa zan maido ka babban direba."

Judith ta ce masa, "Maigida, kada ka yarda. Mutumin da ya kore ka kamar kare ba zai tuna da kai ba." Shi kuwa yana tunanin yara da kuɗin makaranta. Ya tsaya gaban kwamiti ya faɗi abin da aka ce ya faɗa.

Korarsa aka yi, ba fansho ba garatuti. Kafin shekara ta zagayo soja suka rushe majalisun, Alhaji Tukur ya koma Kaduna ya kama kwangila. Ilisha ya bi shi can, maigadi ya ce Alhaji bai san mai wannan suna ba. Masu taraktocin kansu ma suka ƙi ɗaukarsa, don labari ya riga shi zuwa.

Faci ya koma yi a bakin kasuwar Makarfi. Wata Laraba wani manomi, Ya'u, ya kawo kekensa. Ya daɗe yana kallon Ilisha, sannan ya ce, "Ba kai ne ka hana mu noma waccan shekarar ba? Sai da na sayar da bijimina."

Ilisha ya tsoma tif ɗin tayar cikin ruwa yana neman inda ya huje.

"Ni ne," ya ce.