Lambobin da Baba Ya Rubuta

Sai da aka yi wata bakwai da rasuwar Baba kafin na iya buɗe kwamfutarsa. Ba abin da nake nema a ciki sai muryarsa. Tun da ya yi ritaya ya ɗauki al'adar zama a zaure bayan la'asar, ya kunna ta, ya yi ta magana tana naɗa: karatun da ya ɗauka wajen mahaifinsa, yadda kakanmu ya baro cikin birni ya yi gida a Tudun Wada ana ce masa ya koma daji, da sunayen dangin da mu duk mun manta. Ni kuwa in na biyo ta gidan daga makarantar da nake koyarwa, gaishe shi kawai nake yi in shige ciki. A raina ai abu yana nan a ajiye, wata rana zan zauna in saurara.

Ina kunnawa sai ga allo baƙi ƙirin da farin rubutu. Turanci nake koyarwa, amma wallahi na karanta sau uku ban gane inda aka dosa ba. Abin da na iya tsinta shi ne wani abu na tsaro a cikin na'urar ya canza, ana tambaya in danna Y ko N. Maigidana yana tsaye a kaina, har ya miƙo yatsa, wai komai da e ake wucewa. Na ture hannun na ce masa wannan ba rediyonsa ba ce da zai yi ta murɗawa.

Washegari na hau keke-napep zuwa unguwar Kongo, shagon da Baba ya saba kai ta. Mai shagon dattijo ne, Ibo, amma haifaffen Zariya, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Yana ganin jakar ya gane ta, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya kunna ya karanta a nutse.

Ya ce a cikin kwamfutar akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da aikinsa kamar na mai gadi ne, shi ke riƙe da mabuɗin duk abin da aka kulle a ciki. Ajiyar da aka daɗe da yi mata ce ta sa ya rikice. In na danna Y, na ce masa ya yar da tsohon mabuɗin ke nan, ba dawowa. In na danna N, za a bar shi yadda yake a gwada shiga. Muka danna N. Allon ya koma shuɗi, ya nemi wasu lambobi.

Ya ce in kwantar da hankalina, lambobin suna nan, guda arba'in da takwas ne, kuma a gabansa Baba ya kwafe su ranar da aka sa kullen. Ya so ya ajiye masa su a intanet, Baba ya ƙi, ya ce shi ba ya ba wanda bai taɓa gani ba ajiyar mabuɗi.

"Ina tuna shi sosai, Malama," in ji shi, yana murmushi. "Ya yagi takarda, ya rubuta Bisimilla a sama, sannan ya jera su da lambobin Larabci, shida shida. Ki duba cikin takardunsa."



Mu a gidanmu takarda in dai da sunan Allah a jikinta ba a zubar da ita a shara. Ƙonawa ake yi, a binne tokar inda ba a takawa. Bayan sadakar arba'in, mahaifiyarmu, Inna, ta ce in tattara 'yan guntayen takardun ɗakinsa, don ita ba za ta iya ba. Littattafai muka raba, guntaye kuwa na zuba a tsohon kasko a bayan gida. Na tuna takardar. Har na ɗaga ta na nuna wa Inna, ta ce ƙila hatimi ne wani ya ba shi. Baba bai taɓa riƙe hatimi ba a rayuwarsa, kuma na san haka. Duk da haka da hannuna na dama na sa ta a wuta, ina yi masa addu'a.

Na gaya wa mai shagon abin da ya faru. Ya ce zai iya goge komai ta koma sabuwa, yara su yi amfani da ita. Na ce a'a, da ɗan faɗa ma, kamar shi ya yi mini laifi. Na tambaye shi ko muryar tana nan a ciki. Ya ce tana nan, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba, ba dai mai iya buɗewa.

Ina kewarsa, kewar da ban san akwai irinta ba. Tarinsa kafin ya fara magana ma nake so in ji.

Da na biya gida da yamma, na tarar da Inna a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ta dubi jakar da ke kafaɗata, ta ture faifan gefe, ta gyara zama.

"An gyara? Kunna mini shi in ji."

Na ce mata tukuna, sai wani satin. Har yau abin da nake ce mata ke nan.