Hannun da Baba Ya Ƙi Saukewa

Babanmu tsohon soja ne, kuma ritaya ba ta raba shi da halin bariki ba. A gidanmu na Basawa, in rediyo ta saka taken ƙasa, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye ya ƙame ya sara, ba ya sauke hannu sai kiɗan ya ƙare. Mu yara mukan ƙunshe dariya. Yayana da nake bi ya fi kowa iya kwaikwayonsa, har da turo ƙirji.

Yayan nan nawa shi ne golan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Wata Lahadi bayan coci ya hau acaɓa zai tafi atisaye Samaru, wani mai kaki ya harbe shi har lahira a shingen bincike. Wai bindiga ce ta tashi da kanta. Ba a kama kowa ba, ko gaisuwa ba su aiko ba. Baba bai ce uffan ba, shirunsa kuwa ya fi komai ƙona mini rai.

Ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe ba yayana. Ana gobe wasan, kyaftin ɗinsu ya zo gidanmu, wani ɗan Ibo haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi tawa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, gobe in an saka taken ƙasa zama za mu yi. Mun ce gara ka ji daga bakinmu."

Baba ya ce, "In kun zauna, ba da sunan ɗana ba."

"To Baba, da sunan wa za mu tsaya?"

Baba ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari ya saka tsohuwar hularsa ta soja, ya ce in raka shi filin Samaru. 'Yan Cikaji ne abokan karawar. Manyan baƙi na cikin rumfa, janareta na ruri a bayanta. A al'adar jerin 'yan wasa, gola ne ke bin kyaftin. Yaranmu suka bar gurbin nan fili, suka ajiye safar hannun yayana a kan ciyawa, sabon golan ya koma can ƙarshe.

Kaset ɗin taken ƙasa na farawa yaranmu suka zauna daɓas. Golan Cikaji ya waiga, shi ma ya zauna. Daga rumfa wani ya yi ta ihun a tashe su. Baba kuwa yana gefena a ƙame, hannu a goshi. Wallahi a lokacin na tsane shi. Na nemi benci na zauna don ya gani.

Ana tsakiyar take janareta ta yi tari ta mutu. An saba in haka ta faru jama'a su ƙarasa da baki. Ranar babu wanda ya ɗauka. Filin ya yi tsit, har ina jin kukan awaki a bayan katanga. Mutane suka fara zama ɗaya bayan ɗaya, alƙalin wasa ya gaji da jira ya busa usur, aka take ƙwallo.

Baba bai motsa ba. Idonsa na kan wurin da aka ajiye safar, ko da yake an riga an ɗauke ta.

Na ce, "Baba, sauke hannu, an fara wasa."

Ya ce, "Bai ƙare ba."

"Wuta ce ta ɗauke, Baba."

"Ke, na ce bai ƙare ba."

Sai da na sa hannu biyu na janyo hannun nasa ƙasa. Sanyinsa irin na hannun yayana ne ranar da muka je ɗauko gawarsa. Nan fushina ya tafi, tsoro ya maye gurbinsa.

Ban tuna wa ya ci wasan ba. Daga ranar dai, in rediyo ta kusa saka take, Mama kan miƙa hannu ta kashe, Baba bai taɓa hana ta ba har ya rasu.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari. Kullum da safe yara na rera taken har ƙarshe, amma ni kunnena a daidai wurin nan yake ɗaukewa, sai in ga Baba tsaye a bayan layi, hannu a goshi, yana jira a ƙarasa.