Ranar da Noeleen Ta Hana Jirgi Sauka

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin kowa ya ɗora ruwan shayi a Tallawindi, Noeleen Tarrant ta riga ta zaga filin jirgin ƙaramar hukumarmu a tsohuwar akori-kurarta. Filin jar ƙasa ce a shimfiɗe, sai rumfar kwano ɗaya da tankin mai. Takan kori namun daji irin su kangaru, ta cike ramukan zomaye, sannan ta ɗauki rediyo ta gaya wa matuƙa ko ƙasa za ta ɗauki jirgi. Asibiti mafi kusa da mu tafiyar awa biyar ce a mota.

Wata mai kamawa za ta ajiye aiki. Mu kuwa ba za mu manta da shekarar ambaliya ba.

Kwana huɗu ana ruwa, hanyoyi duk sun yanke. Ranar da ya ɗauke, da hantsi, maciji ya sari mijinta Merv a rumfar askin tumaki. Dulcie, nas ɗin garin, ta naɗe ƙafar da bandeji, aka kawo shi filin a bayan mota. Jirgin likita ya taso.

Noeleen ta shiga filin da mota kamar kullum. Tana kai tsakiya, taya ta nutse. Ta sauko ta taka, laka ta haɗiye takalminta har idon sawu.

Can sai muryar Kieran, matuƙin, a rediyo: "Noeleen, ga mu a kanku. Yaya ƙasa?"

Ta dubi inda mijinta yake kwance. Ta ce, "Kada ka sauka."

Dulcie ta yi kanta. "Kin haukace ne? Merv ne fa!"

"Na san ko wane ne, ni na aure shi. Mutum uku ne a jirgin nan."

Merv ya ɗago kai da ƙyar. "Ƙyale ta, Dulcie. Shekara arba'in ban taɓa cin gardama da matar nan ba, ba yau zan fara ba." Bai rufe baki ba jini ya ɓalle masa ta hanci. Babu wanda ya yi dariya.

Kieran ya ce mansa na shawagin minti arba'in ne, daga nan dole ya juya. Noeleen ta zaro sandar ƙarfe ta nufi arewacin filin, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Tana tafe tana cakawa, tana ƙirga taku, jirgi na kewaya kanta, Dulcie na ƙwala mata kira cewa Merv ya fara ganin biyu-biyu. Ba ta waiwaya ba. Ta san in ta yi sauri ta tsallake wuri guda mai laushi, gawa huɗu za a ɗauka.

Taku ɗari tara ta samu masu ƙwari. Ta sa aka ajiye farar mota a gefen farkonsu, ja a gefen ƙarshe.

"Ka taɓa ƙasa daidai farar, ka tsaya kafin jar. In ka wuce ta, kun kife."

"Kin tabbata?"

"Da ƙafata na taka."

Waɗanda suke wurin sun ce da yawansu rufe ido suka yi. Jirgin ya dira yana watsa laka, yana zamewa, ya tsaya dab da jar motar. Da aka shigar da mijinta jirgin ba ta bi shi ba, don ƙarin nauyinta zai iya hana su tashi. Sai da suka ɓace a sama Dulcie ta same ta a bayan tanki, a durƙushe, ta kasa sakin sandar.

Merv ya dawo bayan kwana tara, da ƙafarsa.

Noeleen, ke ce kika faɗi gaskiyar ƙasa ranar da ƙarya ta fi miki sauƙi. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma 'yan Tallawindi, har yau ba wanda ya nemi aikin nan. Ta ce za ta koya wa duk wanda ya zo. Ku je tun tana nan, damina ta kusa.