Lallen Inna a Ƙofar Durbi

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanwata, da niyyar ɗauko Baba daga Katsina ya dawo wurinmu. Tun rasuwar Inna shi kaɗai ne a gidan, ni kuwa ba na barcin kirki saboda tunaninsa. Kuɗin mota ya kusa ninkawa, direban kuma ya ɗauki kowane rami abokin gaba. A Charanci muka sha fura mai sanyi, daga Batagarawa na fara haddace jawabin da zan yi.

A Ƙofar Durbi muka tarar da shi a tsakar gida, kan tabarma, yana fuskantar bishiyar lallen da Inna ta dasa. Baba ya yi karatun noman rani a ƙasar Sin da ƙuruciyarsa, ya dawo da wata ɗabi'a: kullum bayan azkar sai ya yi zaman shiru. Yakan ce tsoffin masanan can sun ɗauki gyaran hali kamar ban-ruwa, kullum kaɗan-kaɗan, amma ganewa rana ɗaya take faɗo wa mutum, ba sallama. Muna yara dariya muke masa.

Bayan gaisuwa na zazzage jawabina kaf. Ya saurara, sannan ya ce, "Zamna nan, ɗiyata. Mi kike sauri?"

Ni da bakina ba ya hutawa, kwana biyu ina zaman kurame. Ƙafata ta yi sanyi, raina ya ɓaci, ƙanwata ta gudu Babbar Kasuwa sayen atamfa.

A safiya ta uku wata maƙwabciya ta yi sallama, riƙe da kwanon kunu da ƙwarya. "Malam, a ba mu lallen Hajiya, bikin jikata ya matso." Baba ya tashi ya tsinko mata ganyen da hannunsa, yana gaya mata yadda Inna ke shanya shi a inuwa. Muryarsa ta sake, har da dariya. Ashe duk amaryar unguwar da lallen nan ake mata ƙunshi.

Nan take ganewar ta faɗo mini, sai hawaye. Baba ya matso mini da kunun.

Da la'asar muka iso Kano mu biyu, ni da ƙanwata, mun bar Baba a gidansa. Na koyi cewa hankalina na je kwantarwa, ba nasa ba, kuma saura kaɗan in raba shi da Inna karo na biyu.