Goran da Teku Ta Fasa

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a shekara ta biyu da aka fara kiran ƙasarmu jihar Sakkwato, an gama cire albasa, zafin bazara ya fara sauka. Babana Mamman ya fito daga zaurenmu na Argungu da babban goransa na su a ka, ya nufi motar Kawu Bala da ke tsaye bakin titi shaƙe da buhunan albasa. Ina biye da shi da ɗan ƙullin kayana, Inna na bayana da tukunya da ƙwaryar shinkafa. Shekarata goma sha ɗaya. Unguwa duk ta fito kallo, mata na leƙe ta saman danga. Baffa Sani, wan babana, ya tare hanya da sandarsa ya ce, "Mamman, mace da ɗiya bisa buhun albasa don kallon ruwa? Wane ruwa ne munka rasa nan? Kuma ina za ka da goran tsohonmu?" Baba bai sauke goran ba. Ya ce, "Wurin ruwa za ni, Yaya, kuma ban taɓa zuwa wurin ruwa hannu sake ba." Ya ratse shi ya wuce, mu ma muka bi bayansa.

Ni ban yi boko ba, jikata Hafsatu ce ke rubutawa ina faɗa mata. Kwana goma sha biyu ke nan da fitata takabar mijina Malam Garba, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu kuka nake yi, da safe in na ga butarsa, da la'asar in an kira salla ban ji takunsa ba. Shi kaɗai ne bai taɓa gajiya da wannan labari ba. Yanzu da babu shi, ina so labarin ya zauna a takarda, kada ranar da na bi shi a binne mu tare.

Mu Sarkawa ne, gulbi shi ne gonarmu, ko da yake muna da ɗan fegin shinkafa a fadama. Gidanmu kullum cikin hayaƙin banda yake. Aikina tun ina ƙarama shi ne ɗebo kara, wanke kifi, da juya tarwaɗa kan wuta, in kuma shinkafa ta fara nuna a tura ni korar tsuntsaye da gwangwani da tsakuwa. Shekarar da aka bi gida gida ana rubuta yara makaranta, Inna ta ce wa zai juya mata kifi, bokona ya ƙare tun bai fara ba. Da yamma mukan yi gaɗa da 'yar carafke a ƙofar gida, amma abin da na fi so shi ne Baba ya ɗora ni bisa goran nan a inda ruwa bai kai ƙirji ba, ya sake ni yana dariya. Goran ya yi baƙi don tsufa, hannun babban mutum ba ya zagaye shi. Masunci yakan kifa cikinsa a bakin gora, homa, wato ragar kamun kifi, a hannu, ƙafafu na tuƙi, kifin da ya kama ya jefa ciki. Da shi kakanmu ya yi su, ya bar wa Baba, bai bar wa Baffa Sani ba ko da yake shi ne babba, kuma abin bai taɓa fita ran Baffa ba. Bisa wannan gora Baba ya yi suna. Masunta sukan ce babu ruwan da Mamman ya shiga bai fita ta wancan gefen ba, ko da damina ta cika gulbi ya haɗiye fadama.

Kawu Bala ƙanen Inna ne, direba, yana zaune Birnin Kebbi yana kai albasa kudu. Shi ya jawo komai. Wata rana ya zo gaisuwa, ana cin tuwon shinkafa a zaure, ya ce shi ya ga ruwan da ba shi da ƙetare. Baba ya yi dariya ya ce kowane ruwa Allah ya yi masa gaɓa biyu, direbobi ne dai ba sa sauka mota su duba. Kawu ya ce, "To taho mu tahi, Yaya Mamman. In ka hango wancan gefen, na bar tuƙi na koma ɗaukar maka homa." Kafin kwana uku maganar ta kai bakin gulbi, kowane masunci ya ji, daga nan ta daina zama wasa. Da aka ce to Baba ya tafi shi kaɗai, ya ce yana son shaida, kuma idanun da suka sha hayaƙin bandarsa shekara da shekaru su ma suna da hakkin su ga duniya.

Inna ta zauna gaba, ni da Baba muna sama bisa buhuna, goran na tsakaninmu an naɗe shi da tsohon bargo. Mun tsaya Birnin Kebbi aka ƙara kaya, muka bi ta Jega. Warin albasa ya shiga gashina da zanena, amma ban damu ba, don daga can sama ƙasa duka tawa ce. A Yawuri na fara ganin kogin Kwara, Baba ya dube ta ya ce wannan ai tsohuwar saninsa ce. A gadar Jaba na rufe ido don tsoro, ya ce in buɗe, ba don in rufe ido ya yi faɗa da wansa ba. Na buɗe, na ga wani dutse tsaye tsakiyar ruwa. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Kuka da gawo suka ɓace, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai har rana ba ta samun hanya, ƙasa ta koma ja, mata na sayar da ayaba da doya bakin titi suna kiranmu da harshen da ba mu ji. A Badun na ga rufin kwano mai tsatsa ya hau tudu ya sauka kwari har iyakar gani, na tambayi Baba ina mutanen nan ke noma.

Da muka shiga Ikko, mota ta hau wata doguwar gada, ruwa ya buɗe hagu da dama. Baba ya miƙe tsaye bisa buhuna, ya sa hannu a goshi, ya buga rufin mota yana dariya. "Bala, ga gidaje can ƙetare. Sauko ka ɗauki homa." Kawu ya leƙo ta taga ya ce wannan tafki ne kawai, ya adana dariyarsa. Kwana biyu muka yi a zangon Hausawa ana sauke rabin kaya. Kawu ya zaga da mu, muka ga benaye da sai ka riƙe ɗankwali kafin ka ga ƙarshensu, da jiragen ruwa da suka fi unguwarmu girma. Sannan muka bi ta Badagiri, cikin itatuwan kwakwa da iska mai ɗanɗano a leɓe, muka tsallaka iyaka zuwa Kwatano, inda na ga mata na tuƙa babur da burodi dogo kamar sanda a bayansu, Inna na ta salati.

Bayan Kwatano ne, da hantsi, Kawu ya kauce titi ya kashe mota ya ce mu sauko. Kafin mu ga komai mun ji ƙara kamar ta hadari, alhali sama tas take. Muka hau tudun rairayi, sai ga teku. Ruwa ya tafi, ya tafi, har ya haɗu da sama, babu ƙetare, babu ko itace ɗaya da ido zai huta a kai. Kuma ba gangara yake yi kamar gulbi ba, tasowa yake ya zo ya faɗi gabanka ya koma. Inna, da yake mace ce mai aiki, ta ɗebo ruwan ta zuba wa shinkafa za ta ɗora tukunya, ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce wane mugu ne ya ɓarnatar da gishiri haka. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe tsaye. Sannan ya ce, "Bala, ka riƙe tuƙinka." Ya koma mota ya kwance goran daga bargo.

Akwai masuntan wurin, sun yi layi suna jan wata doguwar igiya daga ruwa suna waƙa. Da suka ga abin da Baba zai yi, wani dattijo cikinsu ya zo yana girgiza hannu yana nuna ruwan. Kawu ya roƙi Baba, Inna ta riƙe rigarsa. Baba ya ce bai ce zai ƙetare ba, amma ba zai koma Argungu ya ce ya tsaya bakin ruwa kamar baƙo ba. Ya yi yadda yake yi a gida: ya yi bismilla, ya yi wa ruwan sallama, ya taka har ƙugu, ya kifa cikinsa bisa gora. A gulbi daga nan sai tafiya. A nan ruwa ya ɗaga shi sama ya juya shi ya watso shi kan rairayi. Ya tashi ya koma. Ruwa ya sake watso shi. A karo na gaba na ji ƙarar da har yau nake ji, goran kakanmu ya bugu da ƙasa ya rabe. Masuntan suka janyo Baba, bakinsa na jini. Ni kuwa na bi rairayi ina tsintar sakaina ina zubawa a zanena.

A hanyar dawowa Baba bai yi magana ba sai ta salla. Kawu, da tausayi ya kama shi, ya shirya abin da za a faɗa: buhun albasa ne ya zame ya danne goran a wani rami kusa da Kwantagora. Inna ta yarda, ta ja mini kunne. Da muka sauka Argungu zaure ya cika kafin mu sha ruwa. Baffa Sani bai tambayi hanya ba, bai tambayi teku ba, ya ce, "Ina goran?" Kawu ya fara zancen buhu da rami. Na dubi Baba, kansa na ƙasa, mutumin da na gani da idona ya tashi daga rairayi ya koma cikin ruwan nan, yanzu za a ce albasa ce ta ci shi. Ban san lokacin da na kwance zanena na zube sakainar tsakiyar zaure ba. Na ce, "Ba albasa ba ce, Baffa. Teku ce. Sau uku ya shiga." Inna ta mintsine ni. Sai Baba ya ɗago kai ya ce, "Sau huɗu ne, Kulu ba ta ƙirga da kyau ba. Ruwan ba shi da ƙetare, kuma ya kayar da ni. Ku wane ruwa ne ya taɓa kayar da ku?"

Ba su bar shi ba. Daga ranar aka sa masa suna Mai Sakaina, Baffa ya yi shekara ba ya cin tuwon gidanmu, ni kuma 'yan mata suka sa ni a waƙar gaɗa, na fasa wa biyu baki. Baba kuwa in an kira shi da sunan sai ya amsa da ƙarfi. Ya samo sabon gora ya ci gaba da su har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da Malam Garba ya fara zuwa zance wurina, abin da ya ce shi ne, "Ke ce 'yar Mai Sakaina? Ba ni labari." Na ba shi, na ci gaba da ba shi har gashinmu ya yi fari. Kowace shekara yakan ce bana in an cire albasa zai kai ni bakin teku. Kowace shekara wani abu ya taso, shuka, ko biki, ko ciwo, har ciwon ƙarshe.

Yanzu gulbi ya janye, yara na iyo bisa jarka, masu yin su da gora sun ragu. Ɗana Aminu ya nuna mini teku a waya ya ce, "Ga ta nan, Inna, ki gani ki huta. Hanya ba ta da kyau, ke kuma kin tsufa." Na lasa gilashin a gabansa na ce ban ji gishiri ba. Sakaina ɗaya na nan cikin akwatina, kusa da carbin Malam. Na gaya wa Aminu, in an cire albasar bana zan tafi da su duka biyun, ko da shi ko ba shi, ko bisa buhu ne. Wataƙila hanyar ta kayar da ni. To, gara ta kayar da ni ina bisa kanta.