Cigiyar da Garbai Ya Ajiye

Garbai ɗan makiyaya ne daga Bune. Da dabbobin gidansu suka ƙare a wani fari, sai ya zo Gure neman abin yi, ya faɗa ƙaramin gidan rediyon da nake karanta sanarwa. Shara ya fara da ita. Da aka ga yana da hannu, sai aka damƙa masa babbar ordinatar, wato kwamfutar da ke riƙe da duk shirye-shiryenmu.

Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Idan makiyayi ya zo cigiyar raƙumi ko saniya, Garbai zai ɗauki muryarsa, a saka a iska, sannan ya adana. A wurinsa cigiya ba ta mutuwa sai mai ita ya dawo ya ce an gani. To wa ke dawowa? Wanda ya samu ya manta da mu, wanda bai samu ba ya haƙura. Na sha yi masa tsiya cewa kiwo ya koma yi a cikin inji.

Rashidu, ma'aikacin da ya zo daga Damagaram ya kafa ordinatar, ya raba cikinta biyu: babban ɗaki na sauti, da ƙarami inda ita kanta take numfashi, wanda ya ce kada a saka komai. Mu muna goge abin da ke babban in wuri ya yi kaɗan. Shi ya sa Garbai ya kwashe cigiyoyinsa a ɓoye ya kai ƙaramin, inda shi kaɗai ke iya shiga. A cikinsu har da ta mahaifinsa, marigayi Malam Tahiru, yana neman wata jar raƙuma. Muryarsa ke nan da ta rage a duniya. Duk shekara mahaifiyar Garbai, Yabawa, takan zo ya kunna mata.

Wata safiya ƙaramin ɗakin ya cika maƙil. Ordinatar ta ƙi tashi, rediyo ya yi tsit, ga sanarwar allurar dabbobi tana jira. Aka kira Rashidu a waya. Ya sa Garbai ya karanto masa wurin da ya fi cin fili, ya ce tsofaffin tarkacen inji ne, ya faɗa masa abin da zai rubuta. Ina tsaye ina kallo. Kunya ta hana Garbai cewa shi ya karya dokar. Ya ɗauka sabon wuri za a buɗe, ya danna.

Rediyo ya dawo kafin azahar, amma duk cigiyoyin sun goge, har da ta mahaifinsa. Har yau haushin Garbai nake ji, kuma tausayinsa ya fi haushin yawa. Magana ɗaya ce da zai faɗa a wayar nan.

Bayan damina Yabawa ta zo, ta zauna a kujerar da ta saba. Garbai ba shi da muryar da zai kunna mata. Sai ya durƙusa gabanta ya karanto cigiyar da ka, tun daga sallama har tambarin da ke wuyan raƙumar, bai tsallake ko kalma ɗaya ba.

Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ka iya. Amma shi yakan yi tari kafin ya ce ja ce."

Ta ɗauki ƙullinta ta fita, ba ta sake zuwa ba.