Ranar da Jikata Ta Kayar da Ni a Jarrabawa

Shekaru sun ja, mantuwa kuma ta fara yi mini sallama, har nakan nemi tabarau alhali yana bisa hancina. Amma akwai abu ɗaya da ba zai goge daga zuciyata ba har ranar da zan koma ga Mahaliccina: ranar da na faɗi jarrabawa da furfurata, a zauren gidana da ke Bagudo, a hannun jikata.

Ni ɗan makarantar mishan ne, tun zamanin da ake duba farce da wuyan riga kafin a shiga aji. Mahaifina ya kai ni bisa sharaɗin kada a taɓa addinina, kuma ba a taɓa ba. Sai dai sun dasa mini wata aƙida, cewa aikin da ba a yi shi daidai ba, ba a yi shi ba ke nan. Da ita na koyar a Sharabi da Lafagu har na yi ritaya ina hedimasta. 'Ya'yana, da gemunsu, ba sa zama a gabana sai na ce su zauna. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa shakkata ba, ita ce jikata ta fari, ɗiyar babban ɗana. Wasan jika da kaka ya ba ta dama. Ina kiranta amaryata, ita kuwa tana ce da ni tsoho mai jan biro.

Burinta tun tana ƙarama shi ne likitanci. Jami'a ta ɗauke ta a shekarar share fage, muka yi murna. Da shekarar ta ƙare sai ta faɗi kemistiri da fiziks, aka sallame ta. Ta dawo gida a farkon damina, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda kowa yake yi, ba tsokana, ba dariya. Wannan ladabin ya fi sakamakon tayar mini da hankali.

Aka taru a zaure. Baffanta, wanda yake fatauci tsakaninmu da ƙasar Benin, ya gyara murya ya ce, “Baba, mi za ya sa mu wahalar da yarinyar ga? Nan ƙetaren iyaka akwai wata makaranta, an ce ba a faɗuwa cikinta. In na tashi tafiya kasuwa sai in kai ta.” Mahaifinta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, na gane sun riga sun gama magana. Ban san gaskiyar labarin makarantar ba, kuma ba na zargin mutanen ƙetare, 'yan'uwanmu ne, muna auratayya. Abin da na ƙi shi ne dalilin zuwan. Na ce da shi, “Likitan da ya fito daga inda ba a faɗuwa, kai za ka kwanta ka miƙa masa cikinka?” Muka tsaya a kan cewa za a bar mini ita har jarrabawar shiga jami'a mai zuwa. Idan ta sake faɗuwa, zan janye bakina, su kai ta inda suka ga dama.

Na ɗauki alkawarin ne ban san harafi ɗaya na kemistiri ba, domin Turanci da tarihi na koyar. Washegari da hantsi na ce ta karanta mini abin da ta sani. Ta miƙe ta zubo shafi guda da Turanci daga kanta, ko waƙafi ba ta tsallake ba. Na ce, “Madalla. To faɗa mini da Hausa.” Ta buɗe baki, ta rufe. Nan na ga inda cutar take: hadda ce ba fahimta.

A makarantarmu ta dā, idan yaro ya ce ya gane darasi, sai a tura shi ajin ƙasa ya koyar da shi. Ni kuwa ba ni da ajin ƙasa sai kaina. Na sa aka shafa baƙin fenti a bangon zaure, na sayi alli, na zauna a kan benci. Da ta shigo na miƙe tsaye na ce, “Barka da asuba, Malama.” Ranar ta fara dariya tun dawowarta. Ta ce, “Tsoho, ka fa sani ni ba na raga wa ɗalibi.” Na ce nima ban taɓa raga wa malami ba.

Na cika alkawarina. Ba ta wuce layi sai na gane shi. Wata rana tana bayani a kan nauyi da ruwa, na ɗaga hannu na ce, “Malama, jirgin da ke haye kogin Kwara maƙare da buhunan shinkafa ba ya nutsewa, amma allura tana nutsewa. Don me?” Ta kawo mini wata doka da sunan wani Bature. Na ce ban san shi ba, ba ɗan garinmu ba ne. Ta yi fushi ta ajiye alli ta shige cikin gida. Kwana biyu ba aji. Na ji an ce an ga ta a bakin kogi tana zaune tana kallon jirage, na yi kamar ban ji ba.

Rannan sai ga ta da baho cike da ruwa da gwangwanin madara wanda ba komai a cikinsa. Ta ɗora gwangwanin, ya tsaya a sama yana rangaji. Ta ɗauke shi, ta buge shi da dutse har ya lotse ya zama faifai, ta mayar, ya nutse. Ta ce, “Ƙarfen bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da yana da ciki, ya ture ruwa mai yawa, ruwan ya tallafe shi. Yanzu ba ya ture komai. Ka gane, ko sai na buge ka da dutsen kai ma?” Na gane sarai. Abin da ya fi faranta mini rai, na ga a idonta ita ma a lokacin ta gane.

Haka muka ci damina. Ta koya mini dalilin da gishiri yake tsotse ruwan kifi, da dalilin da toka take yanke tsamin miya. Da shinkafa ta fara nuna sai ta ce tunda ni ɗalibi ne, dole a gwada ni. Na amince da fara'a, domin a rayuwata ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Na yi wanka, na sa farar riga, na rubuta amsoshina da rubutun da ake yabo tun ina yaro. Ta karɓa, ta miƙo hannu ta ce in ba ta jan birona.

Ban taɓa ganin takarda ta yi ja haka ba, sai dai wadda ni na duba. Ko rabin maki ban samu ba. A ƙasa ta rubuta, da irin kalmomina, cewa rubutu ya yi kyau amma babu tunani a ciki. Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Aka kawo tuwon rana na kasa kai loma. Abin wasa ne, a zaurena, babu wanda ya gani, amma duk da haka ji nake kamar an tuɓe mini rawani a kasuwa. Sai na tuna ita a gaban jama'a ta faɗi, aka kuma ɗauko ta a mota ta ratsa gari da akwatinta.

Ta leƙo ta same ni zugum. Ta ce, “Haba angona, kar ka damu. In gaya wa Baffa ya haye da kai Benin, an ce can ba a faɗuwa?” Dariya ta ƙwace mini har da tari. Na ce, “Ba inda za ni. A nan na faɗi, a nan zan tashi.” Sai ta ce a hankali, “To mu biyu ke nan.”

Muka koma kan benci da allo. Da ta sake gwada ni na haye da ƙyar, makin da in da ɗalibina ne ya kawo mini shi da na ɗaure masa fuska. Ni kuwa na adana takardar kamar lambar girma. Ita ma lokacinta ya zo, ta tafi ta rubuta tata.

Labarin ya iso ne da tsakar rana, ina gonarmu ta wajen Geza ina duba masu aiki. Na hango ta tana gudu a kan kunya, mayafi a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Ta ce, “Tsoho, sun ɗauke ni! Likitanci!” Tambayar da na saba yi wa kowane yaro ta zo har bakina, wato ina sauran makin ya tafi. Na haɗiye ta. Na ce, “Allah Ya yi miki albarka, Malama.” Baffanta da kansa ya kai ta makaranta, yana gaya wa duk wanda ya haɗu da shi cewa dama shi ya san za ta ci.

Yanzu ta kammala. Idan ta zo gida takan ɗaura mini abin awon jini a dantse, ta hana ni gishiri, ta yi mini bayanin ciwona da Hausar da ko mai kiwo daga ruga zai gane. Nakan yi gardama don kada ta raina ni, sannan in bi umarni.

Na shafe rayuwata ina koya wa yara yadda za su kauce wa faɗuwa, sai a tsufana na koyi sauran rabin darasin. Faɗuwa ba hukunci ba ce, nuni ce ga inda aiki ya rage. Kuma wanda yake so ya tayar da wanda ya faɗi, kada ya tsaya daga sama yana miƙo hannu. Ya sauko ya zauna a kan benci tare da shi, ko da zai sha jan biro.